Inda toka take kuɗi: tarihin kayan haɗa sabuni a ƙasar Hausa

Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Yaran zamani kan ji wannan karin magana su ɗauka ba'a ce kawai, domin a idonsu toka shara ce da ake kwashewa daga murhu a kai juji. Amma an yi zamanin da toka take da masu nema. Marina suna bukatarta domin tada baba, majema suna bukatarta domin cire gashin fata, mai miya tana tace ta ta zuba a tukunya, sannan ga matan da suke dafa sabuni, waɗanda sana'arsu dungum a kanta ta dogara.

Har gobe ana yin sabuni a cikin gidaje, a Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Ƙonni da unguwannin Yamai, kuma ana kiran sa sabunin gida. Sai dai wanda ya bi mai wannan sana'a zuwa kasuwa zai ga abin da take sayowa: farar soda ƙulle cikin leda, jarkar man da ya ƙetaro teku, ƴar kwalbar turare da garin launi. Hannun da ke juya tukunya na gida ne, kayan da ke cikinta kuwa baƙi ne. Yadda aka taso daga tokar karan gero aka iso ga buhun soda labari ne da ya ratsa ta gonar Bahaushe da fadamun Manga, ya bi ta Marsey da Kano, ya dangana da tsibiran Asiya.

Sabuni, ko sabulu kamar yadda ake faɗa a Kano, aure ne tsakanin abu biyu, wato maiƙo da wani gishiri mai kaifi wanda ke narkar da shi. Kalmar kanta baƙuwa ce. Daga Larabci ta shigo, inda ake cewa sabun, kuma danginta ɗaya da savon ta Faransanci da sapo ta Latin. Marubucin Rum ɗin nan Pline, wanda ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ambaci sapo a matsayin abin da mutanen Gol suke haɗawa da kitse da toka suna shafawa a gashi. Shi kuwa gishirin mai kaifi, masana kimiyya suna kiran sa alcali, sunan da suka aro daga Larabawa, ma'anarsa tokar wata ciyawa da ke fitowa a ƙasa mai gishiri. Malaman makaranta sun san dariyar da wannan kalma kan jawo a aji, domin ba a rasa ɗalibin da zai tambaya me ya kawo alƙali cikin tukunyar sabuni. Babu dangantaka tsakaninsu, sai kamar lafazi. Abin lura shi ne, ko a bakin masana, sunan wannan sinadari toka yake nufi.

A ƙasar Hausa gona ce take ba da tokar. Idan an gama girbi an kai damman gero da dawa rumbu, kara yakan rage a fili, ga ƙaiƙayi a masussuka, ga ɓawon wake da kwanson gyaɗa. Mata su tara, su cinna wuta a ranar da iska ta kwanta, su bari ya cinye sarai har ya zama fara-fara. Ba kowace toka ce take yi ba. Ta murhu, wadda ta gauraya da ƙasa da gawayi da ruwan girki, ba ta da ƙarfin ta kara, kuma tokar da ruwan sama ya daka ta riga ta zubar da albarkarta a ƙasa. Saboda haka aikin na kaka ne da farkon rani. Sai a sami tsohuwar tukunya a huda gindinta, ko kwando, a shimfiɗa ciyawa a ciki, a cika da toka, a ɗora bisa wata tukunyar, a dinga zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana tsiyaya. Abin da ya taru a ƙasa shi ne ruwan toka, ja-ja kamar shayi, mai santsi a tsakanin yatsu. Wannan santsin shi ne ma'aunin mai sana'a, kuma ba komai ba ne illa ruwan ya fara mai da maiƙon fatarta sabuni.

Daga nan sai wuta. Ruwan toka ba shi da kaifin sodar kanti, don haka sai an tafasa shi ya ƙone ya yi kauri kafin a zuba mai, sannan a yi ta tuƙi da muciya, wuni guda ko fiye, ana ƙara ruwan tokar ana duba yadda yake kumfa, har ya kama jikinsa a sauke, a cura shi dunƙule-dunƙule. Sabunin da ke fitowa baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai taushi, mai jan danshi da damina. Dalilin taushin yana cikin tokar: gishirin da tsirrai suke tarawa a jikinsu, wanda ake kira fotas, sabuni mai laushi yake bayarwa, ko a wace ƙasa aka dafa shi. Mai neman sabuni mai tauri sai ya nemi ɗaya gishirin, dangin soda, kuma wannan ma Allah ya hore wa yankin, domin shi ne ke cikin kanwa.

Kanwa ba a gona take ba, sai an yi fatauci. Ana kwasar ta a tafkuna da kwaruruwan ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, ana samun ta a Dallol Boso can yamma, sannan ga ungurnu da ake haƙowa a gabashin tafkin Cadi. Ayarin jakuna da takarkarai da raƙuma suka yi ta jigilar ta ƙarni bayan ƙarni, Damagaram tana tsakiyar hanya tana karɓar kuɗin fito, har kanwa ta kai Kano da Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ware littafi guda a 1986 kan wannan ciniki na gishiri da kanwa. Masu bukatarta suna da yawa: makiyayi don dabbobinsa, mai taba, mai kunu, mai magani, marini da majemi. Mai sabuni ɗaya ce daga cikinsu, kuma ba ita ce mai ƙarfin aljihu ba. An ce kanwa uwar gami, to a tukunyar sabuni dai gamin nata na alheri ne. Amma tunda da kuɗi ake samun ta, toka kuwa da gumi, matar ƙauye ta fi jingina da toka.

Wuyar aikin tana wajen mai. Toka abin da ya rage ne bayan an ci amfanin gona, shi kuwa mai abinci ne, kuma duk ludayin da ya shiga tukunyar sabuni an ɗauke shi ne daga tukunyar miya. Saboda haka mai sabuni takan nemi maiƙon da baki ba ya so: kitsen da ya kwana a wajen mahauta, man shanun da ya tsufa ya yi ɗaci, gindin man gyaɗa da ya kwanta a tulu bayan an matse tunkuza an toya ƙuli-ƙuli. Gyaɗar ma, wadda mutanen Gobir da Adar suke kira gujiya, ba ƴar asali ba ce. Daga Amurka ta Kudu ƴan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ta yi ta shigowa sannu a hankali. Waɗanda suka riga ta su ne kaɗanya da aduwa. Kaɗanya itaciyar kudu ce, a Nijar sai wajen Gaya da kudancin Doso ake ganin ta sosai, don haka man kaɗe ga mutumin Tawa ko Tanut kayan fatake ne. Aduwa kuwa tana ko'ina, tana jure farin da ke kashe sauran itatuwa, kuma ƙwayar da ke cikin ƙwallonta kusan rabinta mai ne. Sai dai fasa ƙwallon aduwa aiki ne na dutse da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya, kuma mace takan shafe kwanaki kafin ta tara abin da zai cika ƙwarya.

Wannan ne ya sa bai kamata a zaci kowane gida yana wanka da sabuni kullum a wancan zamani ba. Abu ne na tattali, ana ɓoye shi don amarya da mai jego da wankin rigar salla. Sauran kwanaki daji ne yake rufa asiri. Ɓawon aduwa da saiwarta suna kumfa idan an daka an jiƙa, ana wanke tufa da su, shi ya sa ma Faransawa suka laƙaba wa itaciyar sunan savonnier, wato mai sabuni. Ganyen magarya yana wanke kai, da shi kuma ake wankan gawa bisa sunna. Karkashi yana warware gashi, ruwan toka zalla yana cire maiƙon ƙwarya da akushi. Tsabtar mutanen da ba ta jira kanti ba.

Akwai kuma sabunin da yake zuwa a gama, daga kurmi. Fataken goro da suke kai kanwa Gwanja da ƙasar Yarbawa sun tarar da mutanen da suke da abin da Hausa ba ta da shi, wato kwakwar manja, mai ba da mai iri biyu, ja daga tsokarta da alayyadi daga ƙwayarta. Da wannan mai da tokar ɓawon ayaba suke dafa baƙin sabunin da Yarbawa suke kira ose dudu, mutanen Gana kuma alata samina. Danginsa ne sabunin salo da matan Hausa suke nema don gyaran jiki. Ko shi ɗin kayan haɗinsa sun sauya da zamani: tokar ɓawon koko, wadda ake yawan yi da ita a Gana, ba ta samu ba sai bayan da noman koko ya kafu can, daga 1879 zuwa gaba.

Yayin da ake wannan a nan, wani gari a bakin tekun Bahar Rum yana fama da matsala iri ɗaya, ta neman mai da toka. Marsey ta yi suna da sabuni tun da daɗewa, har a 1688, zamanin sarki Luwi na 14, aka kafa dokar da ta hana sa kitse a cikinsa, sai man zaitun zalla. Gishirin kuwa sayo shi suke yi: tokar ciyawar bakin teku daga Sifen da ƙasar Sham, da kanwa daga Masar. Duk lokacin da yaƙi ya tashi aka tare hanyar jiragen ruwa, sai tukwanen Marsey su huce. Hukumar masana kimiyya ta Faris ta sa gasa ga wanda zai fitar da soda daga gishirin miya, wani likita mai suna Nicolas Leblanc ya gano hanyar, aka ba shi takardar mallaka a 1791. Juyin juya hali ya ƙwace masana'antarsa, ladan gasar bai zo hannunsa ba, ya kashe kansa cikin talauci a 1806. Dabararsa kuwa ta rayu, daga baya ta Ernest Solvay ɗan Beljiyam ta maye gurbinta tun daga shekarun 1860. A 1823 kuma Michel-Eugène Chevreul ya bayyana abin da ke faruwa a cikin tukunya idan maiƙo ya haɗu da soda, aka koma aunawa da sikeli a maimakon kintace.

Da soda ta yi arha ta wadata, sai ƙishirwar ta koma kan mai. Zaitun bai isa ba. Daga shekarun 1840 jiragen Marsey da Bordo suka fara ɗaukar gyaɗar Senegal, na Ingila kuma suna kwasar manja daga bakin kogin Kwara. William Lever, wanda ya fito da sabunin Sunlight a tsakiyar shekarun 1880, bai tsaya ga saye ba. A 1911 ya karɓi dazuzzukan kwakwa a Kwango ta Beljiyam, inda aka tilasta wa mutane aikin sara da dako, a 1920 ya saye Kamfanin Neja, wanda ya zama UAC a 1929, gidan duka kuma ya zama Unilever a 1930. A 1913 Marsey kaɗai ta fitar da sabuni wajen tan 180.000. Ba ƙari ba ne idan aka ce tukunyar sabuni da kaskon suya na Turai suna cikin abubuwan da suka zana taswirar noman Afirka ta Yamma.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan lissafi ne da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Ingilishi auduga suke fata, manoma suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Ba a daɗe ba abin ya ƙetaro iyaka, musamman da dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Magarya da Matamai da Tasawa da Maraɗi suka zama ƙasar gyaɗa, kuma ba son rai kaɗai ya kai manomi ba: haraji da kuɗi ake biyan sa, gyaɗa kuwa ita ce amfanin da ke kawo kuɗi. Kantunan Turawa suka kafa sikeli. Daga cikinsu akwai CFAO, wadda aka kafa a Marsey a 1887, da Compagnie du Niger Français, reshen gidan Lever. Ma'ana, Marsey da gidan Lever, manyan masu sabuni biyu na Turai, kowanne yana da ƙofa a kasuwar Maraɗi da ta Damagaram. Manomi ya kawo buhun gyaɗa a auna, ya karɓi kuɗi, ya biya haraji, da canjin ya shiga kantin nan dai ya sayi ƙyalle da sukari da sandar sabuni mai hatimin kashi 72 cikin ɗari na mai. Mai yiwuwa man da ke cikin sandar daga gona irin tasa ya fito, ya je ya sha iskar teku ya dawo da tsada.

Sabunin kanti bai kashe na gida nan take ba, amma ya karya masa daraja. Fari ne, mai tauri, ba ya narkewa a kwando, ba ya warin hayaƙi, kuma lekol da likita da barikin soja duk shi suka sani. Darasin tsabta da ake koya wa yara da Faransanci bai san da ruwan toka ba. Sannu a hankali sabuni ya shiga lefe da kayan suna a matsayin abin da ake ƙirgawa sanda-sanda, baƙin dunƙulen tsohuwa ya koma na marasa hali. Wannan rainin ya fi kowace gasa ta farashi illa, domin shi ya hana ƴaƴa mata su zauna kusa da kakanninsu su koya.

An yi ƙoƙarin riƙe wani abu a gida. An kafa injin matsar mai na Siconiger a Maraɗi a shekarun 1940, daga baya aka yi wasu a Matamai da Magarya. Daga 1953 shirin da aka kira Hirondelle ya karkata wani kaso na gyaɗar zuwa Kwatano ta hanyar Paraku. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin, kuma a cikin shekarun 1960 gyaɗa ce take kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje. A Yamai masana'antar SPCN ta yi sabuni, sunan Lavibel ya shiga bakin mata. Sai fari ya zo, ya tsananta a 1973 da 1974, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gonakin gyaɗa daga Kano har Damagaram. Manoma suka koma wa gero da wake, gwamnati ta koma wa yuraniyom, injinan matsa suka yi ta tsayawa. Ƙasar da take ciyar da tukwanen Marsey ta wayi gari tana sayen man miya.

Abin mamaki, talauci ne ya dawo da sabunin gida. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle. A lokacin ƙungiyoyin mata suna yaɗuwa, irin su Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, kuma haɗa sabuni yana cikin sana'o'in da cibiyoyin horo da ƙungiyoyin agaji suka fi koyarwa. Sai dai abin da aka koyar ba na kaka ba ne. Sabuwar hanya ba ta son wuta: a narkar da soda a ruwa, a bari ta huce, a zuba mai a juya, a juye a akwatin katako, a yanka, a jera a inuwa ya yi makonni yana bushewa. Kilo guda na mai yana cin soda wajen giram 140, ke nan buhu ɗaya mai kilo 25 ya ishi mai kusan kilo 180. Wace mace ce za ta ƙona kara amalanke-amalanke, ta wuni a bakin wuta, alhali ga abin da cokali kaɗan zai yi mata? Ba a zargi kowa ba. Haka aka yi a Mali da Kodebuwa, inda ake cura kabakuru, sabunin nan mai taurin dutse.

Wannan sodar ba ta Leblanc ba ce ma, ƙanwarta ce da ta fi ta kaifi, wadda ake fitarwa daga ruwan gishiri da ƙarfin lantarki tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma buhunan da ke isowa kasuwannin Afirka ta Yamma akasari daga Sin da Indiya suke. Man ma haka. Kwakwar manja itaciyar Afirka ce, ƴan tsirrai huɗu aka kai lambun Bogor a tsibirin Jawa a 1848, aka fara manyan gonaki a Sumatara a 1911 da Malaya a 1917, har Indunusiya da Maleshiya suka zo suna samar da fiye da kashi huɗu cikin biyar na manjan duniya. Shi ne ake tacewa ya yi fari a ɗura a jarka, ya sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, ya hau babbar mota. Sabunin ruwa da ake koya wa ƴan mata a unguwa kuwa, a ƙa'idar Chevreul ba sabuni ba ne, dangin Omo ne: sinadarai ne da aka gama a masana'anta, aikin gida shi ne sirkawa da ruwa da gishiri.

Sakamakon haka, ribar mai sabuni ta rataya ga abubuwan da ba ta da iko a kansu: darajar naira da dala, kuɗin kwastan, da buɗewa ko rufewar iyaka. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da takunkumin CEDEAO ya tare hanyar Benin da ta Najeriya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Matar da ba ta taɓa ganin teku ba ta ji a tukunyarta, kamar dai yadda masu sabunin Marsey suke ji a ƙarni na 18 idan an tare musu jiragen Sifen.

Akwai kuma wata asarar da ba a sa ta a lissafin horo. Garin soda kamar sukari yake ko gishiri, ruwanta kuma garai-garai kamar na randa, kuma sau da yawa a robar da aka sha lemo ko a kofin gida ake ajiye shi ya kwana yana hucewa. Yaro mai rarrafe ko mai tatata ya kai baki, kurɓi ɗaya ya ƙone masa maƙoshi, idan ya warke tabon ya tsuke hanyar abinci har ruwa ya gagara wucewa. Likitoci a Saliyo da Gine da Gana da Mali sun yi rubutu a kan irin waɗannan yara, kuma asibitin da ƙungiyar Emergency ta buɗe a Goderich ta Saliyo a 2001 sai da ya ware musu shiri na musamman, inda ake buɗa maƙoshin yaro sau da yawa, wani lokaci shekara da shekaru. Sa yaron ya yi amai, wanda shi ne abin da uwa take fara tunani, ƙara ƙunar yake yi, domin sodar ta sake bin hanyar da ta ƙone. Ruwan toka ma ba abin sha ba ne, amma bai kai wannan ba, kuma launinsa kaɗai ya isa gargaɗi. Ƙungiyar da ta koya wa mace auna soda ba ta koya mata inda za ta kulle ta ba, rabin darasi ta bayar.

Komawa ga toka ba ta da sauƙin da masu begen da suke zato. Kara ya yi daraja tun bayan shekarun fari: ana tara shi a kan itace don dabbobi, ana sayar da shi dami-dami da bazara, ana yin darni da shi, malaman gona kuma suna roƙon a bar shi kwance ya tare iska ya ciyar da ƙasa. Wanda ya ƙone shi yanzu ya yi kusa da mai rumbun karin magana. Ta fuskar mai ne ƙofa ta fi buɗewa. Itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka bari suka sake tofowa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun haɗa da aduwa, kuma layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska suna zubar da ƴaƴa masu mai mai ɗaci, wanda ba ya shiga miya, saboda haka ba ya gasa da ita. Ƙungiyoyin mata suna matsar man duka biyu suna yin sabuni da shi, mutanen birni suna saye da tsada don ƙuraje da kyan fata. Abin da kaka take ɓoyewa don kunya ya zama abin da ake naɗewa a takarda mai hoto.

Ko a cikin wannan sabuni na aduwa, gishirin na buhu ne. Alhali kuwa tsofaffin masu sabunin Halab da Marsey, tun kafin a haifi Leblanc, sun san yadda ake ƙara wa toka da kanwa kaifi: a jiƙa su tare da ƙonannen farin dutse, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, shi ne soda mai ƙarfi. Kanwa tana Manga da Dallol Boso, farin dutse yana Malbaza inda ake ƙona shi don siminti. Cikas ɗin shi ne kanwa ba ta zuwa da ƙarfi ɗaya, wata ta fi gishiri, wata ta fi yashi, ta wannan tafki daban da ta wancan, don haka sai an auna kowane kaso kafin a san yawan man da zai ɗauka. Kayan wannan awo ba su wuce sikeli da kwalba mai ma'auni da takardar gwajin kaifi ba, irin waɗanda ake koya wa ɗalibai amfani da su a darasin kimiyya na lise.